Adireshin da Aka Bari a Baya

Biyu da arba'in na dare a Duluth.
Ƙanƙara ta cushe bakin taga,
shayina ya huce tun sha biyu,
sai jar fitila ta kama a gabana.

"Tara ɗaya ɗaya, a ina abin ya faru?"
Haka aka hore mu: ina kafin mene ne.

Allo ya riga bakinsa amsawa:
Orvel Lindqvist, layin intanet,
Titi na Huɗu, gida na ɗari shida da biyu.
Na danna. Motar asibiti ta ɗaga.

Muryar tsoho ce, tana karkarwa:
"Marlys ta faɗi a kicin. Na kira ta, shiru."
Na ce suna tafe, ka zare sakata,
ka kunna fitilar waje.
Ƙanƙara ta rufe matakala ne?

Ya ɗan yi jim.
"Wace ƙanƙara, yarinya?
Mu da muka kwana da fanka?"

Gabana ya yanke ya faɗi.

Wayar da can akuya ce a turke,
in ta yi kuka ka san gidan.
Ta yanzu ɗan akwati ce.
Ɗansa ya cusa ta cikin jaka da barguna,
suka keta jiha bayan jiha,
ya jona ta a wani bango, ta kawo wuta.
Lamba ta bi su.
Adireshi ya zauna nan yana gadin kango.

Wane gari kake, baba?
"Wajen Dale. Mako uku ke nan."
Dale yana ina?
"Aikin dare."
Sunan titi fa?
"Duk gidajen nan kamarsu ɗaya."

An ce matambayi ba ya ɓata.
Ba a faɗi minti nawa yake ci ba.

Duba kwalbar magani. Ya duba: Duluth.
Ambulan ɗin wasiƙa: Duluth.
Duk abin da ke hannunsa na rantsuwa
cewa yana inda ba ya nan.
Kwali fa? Babu wani kwali da aka kawo?
Na ji jan silifa, na ji kujera ta kife,
ya karanto mini harafi harafi
daga bayan kwalin injin tace ruwa:
Mesa. Arizona.

Na ɗaga wa Denise hannu ba tare da na juya ba.
Ta kama wani layi tana neman Mesa,
ni kuwa na durƙusar da tsoho.
Tafi bisa tafi, tsakiyar ƙirji,
danna, kada ka ji tausayi.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Intanet na gutsuttsura muryarsa,
ɗaya, bi... huɗu... Marl...
ina ƙirga masa cikin ramukan,
kada shirun ya zame masa izinin tsayawa.

A Titi na Huɗu, an ce mini daga baya,
wata mai jego ce ta buɗe ƙofa,
jariri a kafaɗa,
tana kallon maza biyu da gadon ɗaukar mara lafiya,
tana cewa lafiyarmu lau.

Minti goma sha ɗaya.
Sai na jiyo jiniya can ƙasan layin,
siririya, daga garin da ban taɓa takawa ba.
Ƙofa. Takalma. Wata murya: "Matsa, baba, mun karɓa."
Ƙit.

Ba a kawo mana ƙarshen labari.
Kira na gaba mota ce ta zame a gada.

Bakwai na safe na isa gida.
Akwatina na nan bayan talabijin yana ƙifta koren ido.
Shekara biyu da tasowata daga Minneapolis.
Ban cire takalmi ba, na buɗe kwamfuta,
na nemi inda aka rubuta sunana, Barira Ɗanjuma,
na karanta layin da ke ƙasa.
Ashe ni ma ina can.